Mataji a Pinacate

Juma'a da la'asar muka bar Sonoyta,
mu huɗu, a tsohuwar motar Nicanor
mai tari in ta hango tudu.
Jarkar ruwa shida, gawayi rabin buhu,
tanti biyu, ɗaya babu turaku.
Eusebio ya baro su a kan firijin gida.
Ya ce, "To, duwatsu sun ƙare ne a duniya?"

Da gaskiyarsa.
Nan dutse ne ko'ina, baƙi ƙirin,
aman wutar da ƙasa ta yi tun babu mai ba da labari,
ta bar shi ya sandare inda ya zuba.
Muka danne kusurwa huɗu.
Iska ta zo duba aikinmu,
ta ɗaga gefe ɗaya, ta leƙa, ta wuce.

Itzel ta gasa tortiya a murfin tukunya,
wake da barkono, kofi mai kirfa.
Can nesa koyote suka ɗauki kuka
kamar yaran da aka hana fita.
Na ce, "Kai, ku ga taurari, har sun rasa wurin zama."
Nicanor ya ɗaga kai ya daɗe.
Ya ce, "I, na ga manyan."
Muka yi dariya. Mun ɗauka wasa ne.

Asabar, kafin rana ta wanke fuska,
muka kama hanyar babban rami.
Sahuwaro na tsaye hannuwa sama
kamar waɗanda aka ritsa da su.
Tsakuwa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi.
Ƙadangare ya yi mana gaisuwar ƙirji
sau uku, ya shige tsaga.
Ƙishi ya fara da leɓe, ya gangara maƙoshi,
hira ta yi ta raguwa
har ta koma numfashi kawai.

Sai Nicanor,
shi da ya koya mana wannan jeji tun muna sakandare,
shi da ke cewa, "Coya ba ta tsalle, kai ne ke kai mata kanka,"
ya taka tsakiyarta, da rana tsaka,
curi uku suka maƙale masa a sha-raɓa.

Ba a cire ta da hannu, kowa ya sani.
Itzel ta zaro mataji daga jaka,
ta zura haƙoransa tsakanin fata da ƙaya,
ta fizga. Ɗaya.
Ta fizga. Biyu.
A na uku ya ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Ban gan ta ba.
Likita ya ce gefe ne zai fara tafiya, sannan tsakiya.
Shekara biyu, in an ci sa'a uku."

Tsit.
Jini ya yi ɗigo-ɗigo a kan safa.
Eusebio, mai amsar kowace magana,
ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin
da ba ta kwance ba.

Muka ƙarasa bakin ramin.
Faɗinsa ya fi ƙarfin ido mai lafiya ma.
Nicanor ya zauna a gaɓa,
yana juya kai a hankali, hagu zuwa dama,
kamar mai kwashe kaya kafin ruwa ya sauko.
Ba wanda ya ce masa rana ta yi.

Daren nan ni na riƙa faɗa masa ƙananan.
"Akwai biyu kusa da jar nan."
"Sai kuma?"
"Sai wata 'yar mitsitsiya, tana ɓuya."
"Na san ta," in ji shi.

Lahadi muka mai da duwatsu inda muka ɗauko,
muka share toka, muka ƙirga jarka.
Ya tsaya a ƙofar direba, hannu a aljihu,
sannan ya miƙa wa Itzel makulli.
"Giya ta biyu tana gardama, lallaɓa ta."

Motar ta yi tari a tudun farko.
Matajin na kan dashbod,
ƙaya ɗaya maƙale a haƙorinsa,
har muka shiga gari ba wanda ya cire.